Karatun asiri da sharuɗɗansa: amsa ga wani ɗa namu da ke Jidda

Wani ɗa namu, haifaffen Mayurno ta ƙasar Sudan da ke aikin tuƙi a Jidda, ya rubuto mini cewa kakansa na wajen uba ya rasu ya bar kundi cike da hatimai da laƙanoni, kakarsa ta wajen uwa kuma ta bar akwatin ƙarfe mai ɗauke da tsummokin bori da turare, kuma a gidan babu wanda ya san yadda za a yi da su. Ana cikin haka sai wani mutum ya same shi ta WhatsApp, ya ce zai buɗe masa sirrin kundin cikin kwana 40 idan ya biya riyal 3,000, da sharaɗin kada ya gaya wa kowa, ko da mahaifiyarsa ce. Yana so ya sani ko wannan abu karatu ne na gaskiya da ake zama a koya, da dalilin tsananin sharuɗɗansa, da dalilin da ya sa komai nasa yake a ɓoye.

Ɗana, tun kafin mu yi nisa, kada ka tura kuɗin nan. Dalilin zai bayyana a gaba, amma sai na fara raba maka abubuwan da ka haɗa wuri guda, domin maƙwabtanmu Larabawan Sudan sukan kira su duka da suna ɗaya, dajal ko amal, mu ma muka biye musu har muka manta cewa a Hausa kowanne da sunansa da hanyarsa. Akwai boka, mai aiki da saiwa da sassaƙe da ganye, wanda a nan ake kira mu'iraƙi. Akwai ɗan bori, wanda hulɗarsa da iskoki ce. Akwai malamin tsibbu, mai tawada da allo da hatimi, takwaran wanda ake kira faki. Maita kuwa dabam take, domin a imanin Bahaushe ba a zama a karance ta, ana cewa a nono ake sha ko a haɗiyi ƙanƙararta, kuma a shekarun da na yi ina bin waɗannan al'amura abin da na gani da idona game da ita shi ne tsofaffin mata marasa gata da aka jefa da ƙazafi aka raba su da mutuncinsu. Saboda haka na ajiye ta gefe. Sauran ukun, lalle ana koyonsu, kuma koyon yakan ci shekaru masu yawa.

Na fi sanin hanyar boka, domin na daɗe ina zama a rumfar wani dattijo Bakano a kasuwar Gadarif, Allah ya jiƙansa, wanda iyayensa suka tsaya a nan a kan hanyarsu ta zuwa hajji. Yaron da yake koya wa, ɗan ƙaninsa ne, ya yi kusan shekara biyu ba a faɗa masa sunan magani ko ɗaya ba. Aikinsa ɗaukar buhu da gatari zuwa daji, da shanya, da daka, da tankaɗe. Wata rana ina zaune dattijon ya zuba gari iri uku a tafin hannunsa, duk jajaye, ya ce wa yaron ya rufe ido ya sansana, sannan ya ɗanɗana. Yaron ya gane maɗaci saboda ɗacinsa, ya gane bagaruwa saboda yadda take ɗaure harshe, na ukun ya kuskure. Dattijon bai faɗa masa amsar ba, sai dai ya mayar da garin cikin ƙunshinsa ya ce a sake bayan sati. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce wanda aka faɗa wa suna yakan riƙe sunan ya saki abin, shi kuwa yana so hancin yaron da harshensa su riga bakinsa sani. Ga kuma wahalar da ta keɓanta da mu mazauna Sudan, wato kowane itace sai an san shi da suna biyu: tumfafiya ita ce ushar, magarya ita ce sidir, aduwa ita ce hijlij, 'ya'yan bagaruwa su ne garad, filasko shi ne sanamaka. Wasu itatuwan da kakanni suka sani a ƙasar Hausa babu su a nan, dole aka nemi madadinsu ta hanyar gwaji mai tsawo.

Sharuɗɗan da ke tattare da ɗibar magani su ne suka fi ba mutane tsoro. Za ka ji an ce a je da asuba, kada a yi magana da kowa a hanya, a yi wa itacen sallama, a sassaƙo gabas da yamma kawai, a zuba ƙwayar dawa a gindinsa, a mayar da ƙasa a rufe ramin saiwa, kada a waiwaya. Masu abin suna fassara su da cewa girmama iskokin da ke zaune a itacen ne. Ni a nawa nazarin wasunsu suna da amfanin da ido ke gani, domin wanda ya sassaƙi gefe biyu kawai bai zagaye itacen ya kashe shi ba, wanda ya rufe rami ya bar saiwa ta sake tohowa, wanda kuma ya fita da asuba bakinsa a rufe babu mai binsa ya ga inda yake ɗiba. Amma zuba hatsi ko jini a gindin itace da nufin neman yardar wani abin da ba Allah ba, wannan ba shi da wata fassara da za ta wanke shi, kuma yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka a kansu a littafinsa Nurul Albab, tare da duba ta hanyar zanen ƙasa da rubuta ayoyi da jini.

Sirrin boka yana cikin mahaɗi da gwargwado. Zai iya gaya maka itace uku cikin huɗu, ya riƙe na huɗun har sai ya ga alamar ajali, wani lokaci ma ajalin ya riga shi. Da haka muka yi asarar ilimi mai yawa, kuma ina jin zafin wannan asara ƙwarai. Sai dai ba duka riƙewar ce rowa ba. Ɗauki zaƙami, wanda ake wa laƙabi da haukata-yaro, Larabawan nan kuma suke kira sakaran. Yana ɗauke da sinadaran atirofin da sikofolamin, yana busar da baki, yana buɗe ƙwayar ido, yana sa mutum ya yi ta sambatu yana ganin abin da babu, kuma ƙarfinsa yakan bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ta yadda abin da ya bugar da wani zai iya kashe wani. Bokan da ya ƙi nuna wa yaro ɗan shekara 15 wannan tsiro yana da hujja. Wanda kuma yake zuba shi a turare ko abin sha domin mai neman taimako ya ga "aljanu" da idonsa ya ƙara sakin kuɗi, shi ma ɓoyewa yake yi, amma ka ga tazarar da ke tsakanin ɓoyewar biyu.

Akwatin kakarka kuwa labarinsa dabam ne. Bori ba a shigarsa don sha'awa. Yawanci ciwo ne ke kai mutum, ciwon da ya ƙi jin magani, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi masa girka. Ana killace shi wajen kwana bakwai a hannun uwar girka, yana sha yana wanka da jiƙe-jiƙen tukunya, ana kaɗa masa garaya ko goge da ƙwarya, har daren kwanan zaune da ake kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya a ga waɗanda za su hau shi. Daga nan ne ma karatun yake somawa, domin sai doki ko goɗiya, kamar yadda ake kiran wanda iska ke hawa, ya san kowace iska da kirarinta da kiɗanta da tsummanta da dabbar da take so da dangantakarta da sauran mutanen Jangare. Malam Alhaji da tarinsa na tsufa da carbinsa, Ɗan Galadima da kwalliyarsa da kyautarsa, Kuturu da naɗaɗɗun yatsunsa, Inna da shanyewar gaɓa da ake danganta mata, Sarkin Rafi da haukansa, kowanne akwai yadda yake zuwa, akwai kuma atishawar da ake sallamarsa da ita. Duk wannan a ka ake riƙe shi, babu allo babu takarda, shi ya sa ake cewa ba a bori da sanyin jiki.

Da kakanninmu suka iso gaɓar Nilu, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da ya kawo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa kusa da Sinnar, da kuma bayan buɗe aikin noman Jazira a 1925, sun tarar da zar, wato irin borin mutanen nan, wanda babban reshensa ake kira zar bori, ɗayan kuma tumbura. Masana da dama suna danganta wannan suna da borin Hausa, kuma cikin rukunonin iskokin zar, tare da Darawish da Habash da Bashawat da Khawajat, akwai rukunin Fallata. Shaikhar zar ita ma tana da akwatinta, ilba, kuma buɗe ta da turara wa mara lafiya shi ne matakin farko na gano iskar da ke damunsa. Mace ba ta zama shaikha sai ta yi shekaru tana yi wa wata hidima, tana kunna gawayi tana riƙe kasko tana haddace waƙoƙin, sannan a yi bikin ɗaura mata ɗamara. Na taɓa ganin wata tsohuwa a Madani ta buɗe tata. Sai da ta yi wanka ta sauya tufafi, ta kori yara, ta shimfiɗa farin ƙyalle, sannan ta ɗaga murfin da hannu biyu. A ciki gwangwanaye ne ƙanana na lubban da sandal da mastika, da zobe, da 'yan ƙyallaye ja da fari. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo bayan haka, lokacin da ta zauna da matar da aka kawo mata fiye da awa biyu tana sauraron labarin kishiya da rashin haihuwa da miji da ya yi shekara huɗu a ƙasar waje babu aike, kuma har tsohuwar ta koma ga Allah ban ji kalma ɗaya daga wannan zance ta fita ba. Dakta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, ya yi nazarin zar da idon basira saboda irin wannan sauraro. A shari'a dai yanka don iska shirka ce, kuma dokar tsarin jama'a ta jihar Khartum ta 1996 ta haramta zar tare da dajal kafin a soke ta a 2019, abin da ya ƙara tura masu yi cikin ɗaki.

Yanzu ga kundin kakanka, wanda shi ne mutumin WhatsApp yake kwaɗaita maka. Wanda ya rubuta irin wannan kundi sai da ya sauke Alƙur'ani, ya iya rubutu, sannan ya shiga hisabi, inda kowane harafi yake da adadi. A nan akwai abin da zai nuna maka cewa kwana 40 ba za su ishi kowa ba. Malaman ƙasar Hausa da Barno da lissafin Magrib suke aiki, mutanen Sudan da Hijaz kuma da na Gabas, kuma haruffa shida sun saɓa tsakaninsu. Sinun a lissafin Gabas 60 ne, a namu 300. Shinun a Gabas 300 ne, a namu 1,000. Sadun a Gabas 90 ne, a namu 60. Duk wanda ya ɗauki kundin Bahaushe ya lissafa shi da ƙa'idar Gabas, adadin da zai fito masa ba shi ne wanda marubucin ya nufa ba. Hatimi kuma, a asalinsa, lissafi ne tsantsa. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, inda ake jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15, kuma lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mayar da su haruffa sai su ba da kalmar buduh, wadda nake ganin daga gare ta sunan baduhu ya samo asali. Bugun ƙasa shi ma yana da siffofi 16, kowace da layi huɗu na ɗigo ɗaya ko biyu, da ƙa'idar fitar da wasu daga wasu. Iya lissafin gaskiya ne, ana koyonsa kamar kowane lissafi. Da'awar cewa lissafin yana buɗe gaibu ko yana juya zuciyar wani, ita ce inda aka bar hanya.

Babban wanda ya yi suna a wannan fanni daga cikinmu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya yi hajji ya zauna a Makka, sannan ya koma Alƙahira ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya yi rubutu a kan hanyoyin gina hatimai masu gidaje mara, wanda masana tarihin lissafi suke ambato har yau, kuma ya hori ɗalibi da naci da aiki a keɓe. A gabatarwar littafinsa Durrul Manzum ya faɗi cewa tun kafin ya iso an gargaɗe shi kada ya nuna wa mutanen Gabas, musamman na Haramaini, cewa ya san wani abu na ilmin haruffa da na ƙasa, saboda fitinar da ake tayarwa da su. Ka lura, ɗana, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a wannan karatu tsoron bayyana shi ya yi a ƙasar da kake zaune, naka malamin kuwa shi ya fara nemo ka ta waya da farashi a bakinsa.

Mafi haɗarin sharuɗɗan tsibbu ita ce halwar neman hadimi. Ana sa mutum ya shiga ɗaki mai duhu kwana 7 ko 21 ko 40, ya bar cin abu mai rai da abin da ya fito daga mai rai, ya rage barci, ya yi ta maimaita wasu sunaye dubbai, waɗanda sau da yawa ba Larabci ba ne kuma ba a san ma'anarsu ba, ana ce masa rauhani zai bayyana gare shi. Duk ɗan Adam da aka hana shi abinci da barci da ganin mutane na tsawon makonni zai fara jin muryoyi da ganin siffofi, wannan sananne ne a likitanci. Na san wani saurayi mahaddaci a unguwarmu da ya shiga irin wannan halwa bisa umurnin wani malami baƙo. A kwana na ashirin da wani abu aka ɓalle ƙofa aka fito da shi, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, yana magana da bango. Ya yi watanni a asibitin ƙwaƙwalwa kafin ya dawo hayyacinsa. Da iyayen suka tunkari malamin, sai ya ce yaron ne ya tsorata ya karya sharaɗi.

Wannan amsa tasa ita ce mabuɗin fahimtar sharuɗɗan mayaudara. Ana tsawwala su ne ta yadda babu mai iya cika su duka, domin idan aiki bai ci ba a sami inda za a rataya laifi: ka waiwaya, ka yi magana, ka ci albasa, ka faɗa wa wani. Shi ya sa idan aka ce maka abu sirri ne, abin da za ka duba shi ne wa sirrin yake karewa. Shirun tsohuwar Madani matar da ta kawo kukanta yake karewa, kuma wannan amana ce, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shirun dattijon Gadarif a kan mahaɗi abincinsa yake karewa, a kan zaƙami kuma ran yaro. Amma sharaɗin kada ka faɗa wa mahaifiyarka, wannan mai karɓar riyal ɗin yake karewa, domin ya san ita ce za ta fara ce maka ka tsaya. Da zarar ka biya na farko za a ce hadimin yana neman turare mai tsada, sannan rago baƙi, sannan a fara yi maka barazana da abin da zai same ka idan ka janye, kai kuma ga kunya ta hana ka faɗa wa kowa.

Addini ya yanke wannan magana da hukunci bayyananne. Muslim ya ruwaito cewa Aufu ɗan Malik ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tofin da suke yi a jahiliyya, sai ya ce su bijiro masa da tofe-tofensu, babu laifi ga tofi matuƙar babu shirka a cikinsa. Ka ga sharaɗin halacci shi ne a fito da abin fili a ji abin da ke ciki. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa sihiri ana koyonsa, ta kuma ce masu koyon suna koyon abin da ke cutar da su ne ba ya amfaninsu. A Muslim ɗin dai an ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40.

Ga kuma dokar ƙasar da kake ci a cikinta. A Saudiyya sihiri laifi ne da kan kai ga kisa, hukumar Hai'a, wato hisbar ƙasar, ta kafa sashe na musamman don yaƙi da shi a 2009, kuma a watan Satumba na 2011 an zartar wa wani ɗan Sudan hukuncin kisa a Madina a kan wannan tuhuma. Jami'in da zai ga takarda mai gidaje da haruffa a jakarka ko a wayarka ba zai tsaya bambanta lissafi da tsafi ba. Don haka kada ka sa a aiko maka kundin Jidda, kada kuma a turo maka hotunan shafukansa, ka goge hirarka da mutumin nan ka toshe lambarsa.

Kundin kansa kada a ƙone shi da gaggawa, domin kundayen tsofaffinmu gauraye suke. Sau da yawa a tsakanin hatimai za ka tarar da addu'o'in da suka inganta, da magungunan itatuwa a rubuce da ajami, da sunayen malaman da mai kundin ya yi karatu a gabansu, da ranakun haihuwa da rasuwa na dangi, wani lokaci har da jerin garuruwan da aka yada zango tun daga Sakkwato zuwa Sinnar. A naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, a ajiye inda damshi da gara ba za su kai gare shi ba, musamman a wannan hali na yaƙi da mutane ke ta ƙaura tun 2023. Idan Allah ya kawo ka gida, ka kai shi gaban malami mai tsoron Allah wanda ya iya karanta rubutun ajami na mutanen da, ku zauna da baffanninka a buɗe shi shafi bayan shafi a gaban kowa. Abin da yake tarihi ne ko magani a kwafe a adana, abin da ya ƙunshi kiran wanin Allah ko cutar da wani a wanke tawadarsa a binne takardar. Akwatin kakarka kuma ka bar hukuncinsa a hannun mahaifiyarka da 'yan'uwanta mata, domin su suka san abin da ya kai ta ga girka tun farko, kuma ya kamata ka zauna ka tambaye su wannan labari tun suna raye.